Mai Gyaran Takalmi Bai Mutu Ba

Shugaban wannan taro, Malama mai kula da ɗakin karatunmu, 'yan kwamiti maza da mata, babban baƙonmu mai shagon kayan gini wanda ya saya mana majigi, iyayenmu da ke kan kujeru, yayyenmu da ke tsaye a baya, da ƙannenmu da ke leƙe ta taga, assalamu alaikum.

Ku yi haƙuri da muryata. Malama ta ce in matso da bakina kusa da abin maganar, na matso, iyakarta ke nan. A layinmu Shiru-shiru ake kirana, kuma ban taɓa tsayawa gaban mutanen da suka fi 'yan ajinmu yawa ba. Shi ya sa na rubuto abin da zan faɗa a takarda, don idan na ɗaga kai muka haɗa ido, duk zai gudu.

Ina godiya ga kwamiti da suka ba ni wannan wuri. Ina godiya ga babban baƙonmu, kuma ina so ya sani tun yanzu cewa abin da zan faɗa ba laifin majiginsa ba ne. Ina godiya ga Malama, wadda ta bar littafi a hannuna har ya wuce lokacin da doka ta yarda, ba ta taɓa aiko mini ba.

An zaɓe ni in yi magana a madadin 'yan matan da ke zuwa aron littafi, in faɗi yadda muka ga fim ɗin soyayya da yaƙi da aka nuna a ɗakin nan ranar Asabar. An zaɓe ni ne saboda littafin da aka yi fim ɗin da shi yana wurina. Malama ta ce, "Ki ce ya yi kyau, ki yi godiya, ki zauna. Ba wuya." Malama, ki gafarce ni. Na zauna in rubuta haka, hannuna ya ƙi.

Zan fara da abin da ban gaya wa kowa ba, har Mama da ke zaune can kusa da ƙofa. Na gama littafin nan tun kafin a kawo majigi. A gida kowa ya ɗauka a tsakiya nake, domin a tsakiya muke a karatun da nake yi da yamma. Amma na wuce gaba ni kaɗai, na kai shafin ƙarshe, na rufe, na yi shiru. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Abu na farko, gidanmu.

Na nemi izinin Mama kafin in ambaci Baba a nan. Ta ce, "Faɗi. Wa ye a layin nan bai san babanki ba? Abin da ba su sani ba ne ya fi yawa."

Baba soja ne a da. Ya tafi yaƙi ina ƙarama, ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa lafiya, mutane suka yi ta zuwa yi wa Mama barka. Amma kunnensa na dama ya mutu, maganarsa kuma ta ragu har ta kusa ƙarewa. Yanzu yana gyaran rediyo da fanka da dutsen guga a ɗan shagon da ke jikin gidanmu. Ƙofa ɗaya ce tsakanin shagon da tsakar gida. Ni na tashi a gidan da ba a buga ƙofa. Murfin tukunya a kan tsumma ake ajiye shi. Idan za ka zo wa Baba ta baya, sai ka riƙa jan takalminka a ƙasa don ya san kana tafe. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Na ga Mama tana yi, na yi. Sai ranar da na shiga gidan ƙawata, faranti ya faɗi, ba wanda ko ya waiwaya, sannan na san ba kowane gida ne haka ba.

Da na gama firamare na fara aron littafi a nan, Mama ta ce in riƙa karanta mata da yamma tana tsintar shinkafa. Da na aro wannan littafin na ce mata labarin yaƙi ne, ta dubi ƙofar shago, ta ce in yi a hankali. Na yi a hankali. Ba a daɗe ba Baba ya fara barin ƙofar a buɗe, ya ce zafi. Daga baya ya juya teburinsa, ya ce haske ya fi shigowa ta nan. Da ya juya, kunnen hagun ne ya fuskanci tsakar gida. Mama ta dube ni, na dube ta, sai ta ce, "Ke, ɗaga murya mana, ba na ji." Mama fa, wadda take jin tafiyar kyanwa a kan rufi!

Tun daga ranar haka muke yi. Ni ina karanta wa Mama. Duk lokacin da ta ji sukundireba ya daina motsi a shago, sai ta ce, "Sake wannan wurin, ban gane ba." Ba wanda ya taɓa cewa Baba yana saurare, domin ranar da aka faɗa, ranar zai rufe ƙofa. Sau ɗaya ya yi magana. Ina karanta inda ake bayanin warin jiƙaƙƙun takalma a cikin tanti, sai muka ji ya ce da rediyon da ke hannunsa, "Wannan mutumin ya je wurin." Mama ta zubar da shinkafa a ƙasa, ta tsugunna tana kwashewa ta daɗe.

Abu na biyu, littafin.

Da yawanku fim kuka gani, ba ku karanta ba, don haka ku ji yadda yake. Saurayin da ke cikin littafin ba ya harbi. Aikinsa gyaran takalman sojoji, a bayan fage, da basilla da zare da guduma. Yarinyar kuma mai shara ce a tashar jirgin ƙasa. Ranar da suka haɗu, igiyar takalminta ce ta tsinke tana jan ƙafa, ya ɗinke mata da zaren soja, ya ce kada ta nuna wa kowa, za a ce ya saci zare. Ta ce, "Wa zai duba ƙafar mai shara?" Ya ce, "Ga shi na duba." Iyakar soyayyar farkonsu ke nan, kuma ta ishe ni. Shi bai ga yaƙi ta bakin bindiga ba. Yana ganinsa ne idan aka dawo masa da takalmin da ya sani, wanda ya gyara da hannunsa, ba mai shi, aka ce ya shirya shi a ba wani.

Mun kai inda bam ya faɗa kusa da tantinsa, aka kwashe shi zuwa asibiti, ita kuma tana ta shara a tasha ba ta sani ba. A nan haƙurina ya ƙare, na wuce gaba ni kaɗai.

Waɗanda ke jiran littafin, ku gafarce ni, zan ɓata muku ƙarshe. Mai gyaran takalmi bai mutu ba. Ya dawo. Ya dawo hannunsa na rawa, ba ya iya zura zare a basilla. Suka yi aure, suka kama ɗaki ɗaya kusa da tasha. Kullum da sassafe, kafin ya tashi, sai ta zura masa zare a duk basillolinsa, ta jera su a kan tsumma, ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Ba ta taɓa cewa ita ta zura ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Haka suka tsufa. A shafin ƙarshe ma gardama suke yi a kan wa ya bar taga a buɗe.

Da na rufe littafin sai na dubi murfin tukunyarmu a kan tsumma. Ban taɓa sanin abin da Mama take yi yana da suna ba, balle a ce ya isa a rubuta shi a littafi. Na ce lallai Baba ya ji wannan.

Ga inda na yi kuskure. Muryata ƙarama ce, ina tuntuɓe a dogayen kalmomi, kuma sauran shafuka da yawa. Da na ji za a nuna fim ɗin, sai na ce shi ke nan, an hutar da ni. Manyan fuskoki a bango, da kiɗa, da mutanen da suka iya magana, za su kai masa labarin a zama ɗaya, fiye da yadda zan kai masa a wata guda. Ban taɓa ganin fim ɗin da aka yi daga littafi ba. Na ɗauka idan an ce na littafi ne, to littafin ne aka ba ƙafa da baki.

Ni da ba na roƙon Baba ko alewa, na ja takalmina har shago, na ce, "Baba, ranar Asabar za a nuna fim ɗin littafin da nake karanta wa Mama."

Ya ce, "Wane littafi?"

Na ce, "Na mai takalmi."

Ya ce, "Ban san shi ba."

Amma ranar Asabar, kafin mu gama shiri, yana tsaye a ƙofar gida da rigar da ya goge da kansa.

Abu na uku, fim ɗin.

Kun gan mu da muka shigo. Rabon Baba da shiga taro, ni ban iya tunawa ba. Wasunku suka tashi suka ba mu kujeru kusa da ƙofa, ba su ce komai ba, kuma ina gode musu. Aka rufe tagogi da barguna, aka kunna.

Jama'a, an ba mai gyaran takalmi bindiga. An ba shi taurari a kafaɗa, an ba shi riga mai guga wadda ko laka ba ta taɓa ba. An karɓe basillar, an karɓe gudumar; daga farkon fim har ƙarshensa ban ga ya taɓa takalmin kowa ba. Mama ta raɗa mini, "Wannan ne mai takalmin? To ina takalman?" Ita kuma yarinyar an karɓe mata tsintsiya, an ba ta farar riga, tana tsaye a tasha iska na kaɗa ta, ba aikin fari ba na baƙi, sai jira. Igiyar takalmin da ta tsinke an cire. A maimakonta ya fizge ta daga gaban mota. Bam idan zai tashi sai da kiɗa, wutar ta buɗe a sama kamar fure, samari a baya suna tafi. Ni ba bango nake kallo ba. Hannun Baba nake kallo a kan gwiwarsa, yana damƙe wandonsa yana saki. Ina ce wa kaina, ki yi haƙuri, ƙarshen yana zuwa. Duk abin da suka canza, ba za su taɓa ƙarshen ba.

Sai suka kashe shi. Suka kwantar da shi a cinyarta, da ɗan jini kaɗan a gefen baki, ya yi mata dogon jawabi da ya fi wannan nawa tsawo, ya rufe ido. Ɗakin nan ya cika da kuka. Har Kawuna mai aski ya yi, ko da yake ya ce mura ce. Ban ga laifin kowa ba. An shirya shi ne don a yi kuka, kuma an iya shiryawa.

Muka kama hanyar gida har muka kai bakin layinmu. Baba ya ce, "Sun kashe shi."

Mama ta ce, "Ai fim ne."

Ya ce, "Sun yi wa kansu sauƙi. Wanda ya mutu ya fi daɗin kallo. Wanda ya dawo, me za a nuna?"

Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan ba, kuma da ma ban ji ba. Washegari teburinsa ya koma inda yake a da. Ƙofar shago a rufe, duk da zafin da ake yi. Na buɗe littafi a tsakar gida, na ɗaga murya har maƙwabta suna ji, Mama ta ce, "Bari, 'yar nan. Ba kowa a wurin."

Na je na same shi. Na ce, "Baba, a littafin bai mutu ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata," haka yake kirana, "ina kika sani? Ai ba ki kai can ba. Ba na son lallashi."

Na juya na fito, ban gaya masa na kai ƙarshen ba. Daga baya na gane ko na faɗa, ko ya yarda, ba zai isa ba. "Bai mutu ba" magana ce da ake yi wa yaro don ya daina kuka. Baba ba rashin mutuwar yake bukatar ji ba. Yana bukatar ya ji hannun da ke rawa, ya ji zaren da aka zura da sassafe, ya ji gardamar taga. Ya tambaya me za a nuna game da wanda ya dawo. Amsar ta ci rabin littafi, kuma ba a faɗarta a tsaye a bakin ƙofa.

Wannan shi ne fushina da fim ɗin. Ba don sun gajarta ba. Na san ba za a iya zuba littafi duka a yamma ɗaya ba. Ba don sun zaɓo kyawawan mutane ba. Kyau ba laifi ba ne. Fushina shi ne sun duba labarin, suka ga wuri mai wuya, suka ga wuri mai daɗin kallo, suka yanke mai wuyar suka yar, kuma a wurin da suka yar ɗin gidanmu yake.

Yanzu roƙona.

Ga kwamiti: a ci gaba da nuna fim, ni ma zan zo. Amma idan daga littafi aka yi shi, wani ya tashi kafin a kunna ya faɗa da ƙarfi cewa wannan ba littafin ba ne, ɗan'uwansa ne kawai, kuma wani lokaci ɗan'uwa na nesa. Da an faɗa mini haka, da ban ja Baba ba. Sannan a rage ƙarar lasifika idan an zo wurin harbi. Ba Baba kaɗai ba ne a unguwar nan ya taɓa jin na gaske.

Ga waɗanda ke jiran littafin, Malama ta ce tun ranar Asabar kuna ta zuwa tambaya, kuma guda ɗaya ne muke da shi: ina roƙonku ku ƙara mini haƙuri. Ban san ranar da zan dawo da shi ba. Ina karatu a hankali, kuma wanda nake karanta wa bai riga ya yarda yana ji ba. Na naɗe bangonsa da takarda, ba zai yi datti ba.

Ga kowa da kowa: abin da kuka ji a nan ya tsaya a nan. Kada wani ya kai rediyo gyara ya ce, "Ashe mai takalmi bai mutu ba!" Kawu, da kai nake musamman. Na san labari ba ya kwana a shagonka, amma wannan ka bar shi ya kwana.

Ba jira nake ku amsa kafin in fara ba, na riga na fara. Jiya da yamma na ɗauki 'yar kujerata na shiga shagon, na zagaya na zauna ta hagunsa. Ya ce, "Mamanki tana ciki." Na ce, "Na sani, Baba. Kai zan karanta wa." Ba a taɓa faɗar wannan a gidanmu ba. Ya miƙa hannu ya kunna wata fanka da ya riga ya gama gyarawa, ya kai ta ƙarshen gudu, ya juyo da ita wajena. Shafuka suka yi ta tashi. Na danne gefe ɗaya da batir, ɗaya gefen da gwiwar hannuna, na fara daga inda muka tsaya, daga asibiti. Bai kashe fankar ba. Bai kuma ce in fita ba. Ban sani ba ko ya ji ko kalma ɗaya, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na sani ba. Daga nan idan an tashi, can zan wuce.

Allah ya saka wa kwamiti da alheri. Allah ya ƙara wa babban baƙonmu buɗi, ya ƙara wa Malama haƙuri da irinmu masu riƙe littafi. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo, Allah ya ba su barci mai daɗi, ya ba masu zama da su ƙarfin zuciya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Saura abu ɗaya, wannan ba roƙo ba ne. A gabanmu akwai wani babi, bayan sun yi aure. Kofi ya suɓuce daga hannun matar ya fashe, mai takalmi ya zabura, ya birkice, ya farfasa duk abin da ke ɗakin. Ta fita da jaririnta ta zauna a kan matakala, kuma littafin bai ɓoye ba, ya ce ranar ta tsane shi, ta yi tunanin tafiya gidan iyayenta. Lokacin da na karanta shi ni kaɗai, na lanƙwasa kusurwar shafin, Malama ki yafe mini, da niyyar idan mun iso in tsallake. Babin da ke gaba yana haɗuwa da na baya tsaf, ba wanda zai gane an cire wani abu. Ba zan faɗi abin da ya sa na so tsallake shi ba; Mama ta sani.

Yau da safe na miƙar da kusurwar shafin, na goge ta da farce. Idan mun iso wurin, zan karanta shi duka, layi bayan layi, da irin muryar da na karanta sauran. Idan Baba ya kore ni a kan babin nan, washegari zan dawo da kujerata.

Na gode da kuka saurare ni. Na gode.